Lambar da Ban Tambayi Fayil ɗin Kawu Ba

Kawu kowa ke ce masa, har manaja. Da gyaran wayar tarho ya fara, yana hawa turaku da igiya a ƙugu. Sai da gwiwa ta fara yi masa gardama ya koyi kwamfuta, yana da shekara arba'in da biyar, 'yarsa ce ma ta nuna masa inda ake kunnawa. Lokacin da na kama aiki a wurin gwajin jinin nan mai rassa bakwai, ya shekara goma sha ɗaya yana kula da hanyoyin sadarwar da suka haɗa rassan. Teburinsa na jikin babbar kwamfuta, inda sanyin na'ura ya fi tsanani, shi ya sa ko ana zabga rana da rigar sanyi za ka same shi.

A cikin babbar kwamfutar akwai wani ɗan fayil mai layi bakwai, kowane layi da sunan hanyar reshe ɗaya da lambarta a gefe. Kawu ne ke riƙe da shi. Ranar da aka ba ni aikin rubuta manhajar da za ta riƙa aika sakamakon gwaji zuwa rassa, ya jawo kujera kusa da ni.

"'Yata, kada ki rubuta lamba da hannunki. Ki sa manhajar ta miƙa wa fayil suna, shi ya ba ta lamba. Lamba tana canzawa, ni kaina ban yarda da ita ba."

Na ce to. Rassa shida suka tafi daidai. Na bakwai, reshen bakin kasuwa, duk tambayar da manhajar ta yi sai ta dawo hannu rabbana, ashe harafi ɗaya na kuskure a sunan. Ban tsaya bincike ba, an tashi ɗana daga makaranta yana jirana. Na cusa lambar kai tsaye, na ce gobe na gyara. Goben nan ta kai wata takwas.

Da reshen ya koma sabon gini, Kawu ya canza lambarsa a fayil kamar yadda ya saba. Manhajata kuwa ta ci gaba da aikawa tsohuwar lambar da na cusa. Kwana biyu sakamako bai isa can ba. Wata mai juna biyu sau uku tana zuwa ana ce mata ta dawo.

Manaja ya tara mu a ofishinsa. "Wa ya taɓa wani abu a makon nan?"

Kawu ya ɗaga hannu. "Ni na canza lamba, ranka ya daɗe."

Ni kuwa ina zaune ina kallon takalmina. Da yammar ranar na gyara harafin, na goge lambar, komai ya tafi sumul. Aka ce tsufa ya fara kama Kawu, aka mayar da shi wani reshe mai nisa yana gyaran na'urar buga takarda.

Sai bayan wata biyu na iya zuwa wurinsa. Na tarar da shi a tsugune, hannu duk baƙin tawada. Ban gama gaisuwa ba na faɗa masa komai.

"Na sani," ya ce. "Layi na ɗari biyu da sha huɗu a manhajarki. Tun safiyar ranar na gani."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Kawu?"

Ya goge hannu da tsumma. "Ina jira ki faɗa ne."

Washegari na shiga wurin manaja na yi masa bayani. Ya saurara, ya ce magana ta riga ta wuce, in rubuto a takarda. Na rubuta, aka jefa a durowa. Kawu bai dawo teburinsa ba, bayan wata huɗu ya yi ritaya. Ranar sallamarsa ni aka sa na yi jawabi, wai ni ce ɗalibarsa. Na karanta rabin jawabin, na kasa ƙarasawa, na koma na zauna. Mutane suka tafa, a zatonsu kewa ce.