Silas Kure da Ruwan da Ya Yi Garau

Silas Kure bai taɓa zuwa bakin teku ba, kuma yanzu da furfura ta cinye masa kai da wuya ya je. Amma shekara takwas ya yi yana haɗa ruwan teku da hannunsa a wani otal da ke unguwar Utako a babban birnin tarayya, da gishirin bokiti da ma'auni da haƙurin da ni dai ban da shi.

A Tungan Maje aka haife shi, gidan manoma doya. Abin da ya fi tunawa game da mahaifiyarsa shi ne hannunta a bakin tulu. Da damina ruwan rafinsu jawur yake zuwa, sai ta ɗauko alif, wannan farin dutsen mai bauri, ta kaɗa shi a ciki sau uku ta cire. Kafin a gama share tsakar gida, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. 'Ya'ya bakwai ta raina da ruwan nan, babu wanda ciwon ciki ya ɗauke mata. Silas ya girma da imanin cewa ruwan da ido ya ratsa har ƙasa ba ya cutar da kowa.

Da birni ya miƙo ƙafa aka yanka gonarsu filoti-filoti, sai ya koma Mpape fasa dutse. Shekara goma sha huɗu yana kan guduma, har tari ya kama shi, irin mai hana mutum gama magana. Matarsa Christina ce ta ɓoye gudumar, ta ce gara su ci tuwo ba miya da ta zama gwauruwa. A 2008 ya samu aikin goge-goge a otal ɗin.

Bayan shekara uku masu otal suka kafa tankin gilashi a zauren karɓar baƙi, tsawonsa ya kai ƙaramar mota, aka zuba kifayen teku masu launi kamar atamfa. Wanda ya haɗa shi wani mutumin Jos ne mazaunin Legas, Zacharias. Ya lura da mai goge-gogen nan da ke goge wuri ɗaya sau biyar don ya samu kallon kifi, sai ya ce shi za a ba wa kula da tankin. Ya koya masa cewa ruwan famfo ba ya shiga sai ƙaramar na'urar da ke sito ta tace shi, kuma duro ɗaya take iya cikawa a yini. Ya koya masa gwaji: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a jira. In ya yi rawaya, lafiya lau. In ya yi kore, akwai guba, ko da ido bai ga komai ba.

Silas ya riƙe wannan kamar addu'ar safe. Cikin kifayen akwai wani rawaya mai faɗin tafin hannu, kullum yana sintiri daga wannan kusurwa zuwa waccan yana leƙa kowane lungu, Silas ya sa masa suna Sufeto. Ganyen teku busasshe yake ci daga yatsun Silas, kuma ba ya karɓa a hannun kowa. An sha canza manajoji da kujeru da fenti, Sufeto yana nan. Silas ba mutum ne mai fahariya ba, amma in aka zauna hira a Mpape sai ya san yadda ya karkato da zance ya ce shekara takwas kifi ɗaya bai mutu masa ba.

A damina ta 2019 aka yanke shawarar fitar da duwatsun roba da ke cikin tankin a sa na gaske, waɗanda aka ciro daga teku. Dutse mai rai ake ce musu. Silas ya yi dariya da ya ji sunan, shi da ya fasa dutse har ƙirjinsa ya lalace bai taɓa cin karo da mai numfashi ba. Da aka buɗe akwatunan ya daina dariya. Duwatsu ne masu ramuka, jikinsu duk gansakuka da ƙananan halittu, kwana uku suka yi a mota nannaɗe da jiƙaƙƙiyar jarida, wari kuwa kamar an manta ƙwai a rana.

Zacharias ya yi masa bayani ta waya. Rabin abin da ke jikin duwatsun ya mutu a hanya, zai ruɓe ya saki guba. A ajiye su a duro daban, ana canza musu ruwa mako huɗu ko biyar har warin ya tafi, sannan su shiga wajen kifi.

Manajar otal ɗin a lokacin, Madam Rosemary, ba muguwa ba ce, amma tana da babban taro ranar Asabar, kuma an riga an faɗa wa mai otal cewa zai ga sabon tanki.

"Baba Silas, mako biyar? Dutse ne fa, ba wake ba da za a jiƙa," ta ce. "Ka sa shi yau, abeg."

"Madam, Oga Zacharias ya ce akwai guba."

"Oga Zacharias yana Legas. Ni ina nan."

Silas ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya shekara yana cewa "to" ba ya koyon "a'a" a rana ɗaya. Ranar Talata duwatsun suka shiga.

Ranar Alhamis ruwan ya yi fari dusu-dusu kamar wanda aka wanke shinkafa. Kwalbar gwaji ta yi kore. Sufeto ya daina sintiri, ya maƙale a kusurwa yana buɗa baki da sauri. Silas ya sake kiran Zacharias.

"Ka canza duk abin da na'ura ta tace kowace rana, ka rage abinci," in ji Zacharias. "Farin nan zai tafi da kansa. Kada ka zuba komai, ka ji ni? Komai."

Ya canza duro ɗaya ranar Alhamis, ya canza ɗaya ranar Juma'a da safe. Koren ya ɗan sassauta, Sufeto har ya lasa ganye sau ɗaya. Hanya ce mai tafiyar hawainiya, amma ta nufi gida. Sai dai farin yana nan, kuma shi Madam take gani.

"Baba, gobe mutum ɗari biyu za su wuce ta nan. Wannan kunu zan nuna musu? Ka yi wani abu, kai ne ka san ruwa."

Kai ne ka san ruwa. Maganar ta bi shi har sito. Gaskiya ne kuwa, ya san ruwa tun kafin ya san Zacharias. Ya tuna hannun mahaifiyarsa a bakin tulu. Abin da jarirai bakwai suka sha suka rayu, ta yaya zai cuci kifi? A ransa ma bai ɗauki alif a cikin "komai" ɗin da aka hana shi ba, magungunan Turawa ya zaci ake nufi. Da azahar ya tsallaka kasuwar Utako ya sayo dunƙule biyu, ya daka, ya narka a kofi, ya tsiyaya a tankin da addu'a a bakinsa.

Kafin la'asar farin ya dunƙule ya sauka ƙasa. Tun da aka kafa tankin ruwan bai taɓa yin kyau haka ba. Madam Rosemary ta tafa, ta ce ashe ɓoye basira yake yi. Silas ya hau mota zuwa Mpape zuciyarsa fari ƙal, ko gwaji bai yi ba, don me zai gwada abin da idonsa ya gani?

Da safiyar Asabar ya tarar da kifi goma sha ɗaya a kwance kan yashi, uku suna yawo ciki sama. Ruwan teku ba ruwan tulu ba ne. Alif ya sa shi tsami, ya liƙe wa kifayen mashaƙar numfashi, gubar kuma tana nan inda take, don ba ta da launin da zai kwanta. Sufeto kaɗai ke motsi, a gicciye.

Silas ya ɗebo shi da hannu biyu, ya kai shi sito, ya sa a bokitin sabon ruwan gishiri, ya zura masa tiyon iska. Ya tsuguna a gabansa yana miƙa masa ganye yana kiran sunansa, dattijo mai jikoki. Daga zaure yana jiyo baƙi suna shigowa, suna tsayawa ɗaukar hoto a gaban tankin da aka kwashe gawarwakinsa, suna yaba kyan duwatsu da hasken ruwa. Wajen sha biyun rana Sufeto ya daina buɗa baki.

Madam ta zaci duwatsun ne suka yi kisan, kuma da Silas ya yi shiru da haka zancen zai tsaya. Bai iya ba. Ya same ta ya faɗa mata abin da ya zuba.

"Wa ya ce ka sa alif?" ta tambaya.

Ya dube ta kawai. Ita ce ta fara kawar da ido. Ba a kore shi ba, kuma ba su sake tayar da maganar ba. Mako bakwai tankin ya yi ba kifi, yana gwada ruwan duwatsu kowace safiya har kwalbar ta koma rawaya. An kawo sababbin kifaye, yana kula da su yadda ya kamata, amma bai sa wa ko ɗaya suna ba, kuma a hirar Mpape ya daina zancen tanki.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, da ya koma gida da yamma, ruwan da mai kura ya kawo jawur ne saboda ruwan sama. Christina ba ta san komai ba tukuna. Ta ɗauko alif ta kaɗa a randa sau uku, yadda surukarta ta koya mata, ta jira ya kwanta, ta ɗebo masa a kofi.

"Baban Glory, sha mana. Dubi yadda ya yi garau."

Ya karɓa, ya daɗe yana kallon gindin kofin ta cikin ruwan. Sai ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya rufe fuskarsa da hula.