Ni Aka Tambaya A Binciken Auren Abokina

Assalamu alaikum Edita. Ka sakaya sunana, don waɗanda zan yi magana a kansu suna nan da ransu. A shekarun baya ni ne ɗan kwamfutar unguwarmu a Ƙanƙara. Ina da ɗan shago kusa da tasha, ina buga wa mutane takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Dattawa har Injiniya suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Ina da aboki da muka taso tare, ni na nuna mishi yadda ake kunna kwamfuta. Sai Allah ya buɗe mishi kai ya koyi rubuta manhaja, irin waɗanda ke aiki cikin waya. Ni ma na gwada, kaina ya ɗau zafi na watsar. Kafin in ankara wani kamfani a kudu ya ɗauke shi, yana yi musu aiki daga ɗakinsa; in sabis ya ƙi, ya shiga mota zuwa Funtuwa ya tura aikin ya dawo. Ya sa sola a gidansu, ya sake wa mahaifiyarsa rufin ɗaki. Masu ce mini Injiniya suka koma tambayata ko yana gari. Ina yi mishi murmushi, amma da ya bar shagona sai in ji haushin ci gabansa. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan sa mata.

Ana nan ya fara neman ɗiyar wani Alhaji mai fataucin masara a Faskari, kuma ita ma tana son shi. Alhaji bai yarda da sana'ar da ido ba ya gani ba. Da aka zo bincike ya turo ƙanensa. Liman ya yabi halin abokina, maƙwabta suka yaba, amma batun sana'a kowa ya ce a zo wurina, ni na san harkar. Ƙanen Alhaji ya zauna a bencin shagona ya ce amana ya kawo mini, in gaya mishi tsakani da Allah ko aikin nan zai riƙe iyali.

A lokacin ake ta zancen ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan da ake tambaya ta waya ta ba da amsa kamar mutum, wai za ta kori masu rubuta manhaja. Na ɗauko wayata na ce ta rubuta mini manhaja, kafin bawan Allah ya gyara zama ta zubo rubutu himili guda. Ko daidai ne ko shirme ne ban sani ba, don ban iya karanta shi ba. Amma na juya mishi wayar na ce abin da abokina ke kwashe wata yana yi ke nan, nan gaba kaɗan ba kamfanin da zai biya mutum a kanshi. Na ƙara da cewa yaron kirki ne, sai dai ko fartanya bai iya riƙewa ba. Wallahi da mutumin ya tafi wani sanyi na ji a raina.

Alhaji ya dakatar da maganar auren. Abokina ya zo mini ido ya yi ja, ya ce wani ya ɓata mishi sana'a a Faskari, bai san ko wane ne ba. Ya ce shi kanshi kullum da na'urar yake aiki, tana da sauri amma tana tafka kuskure, dole sai da wanda ya san abin da ake nema ya bi bayanta. Ya roƙe ni in je in yi wa Alhaji bayani, tunda ni dattawa ke jin maganata. Kunya ta hana ni ƙi.

Alhaji ya saurare ni har na gama wanke abokina tas, sannan ya sa aka kira ƙanen nasa ya tambaye shi ko ba ni ne mai shagon ba. Da ƙanen ya ce ni ne, Alhaji ya dube ni ya ce in faɗa mishi ranar da na yi ƙarya, ran nan ko yau. Ya ce ba zai tona ni ba, don bincike sirri ne, amma ba zai ba da ɗiyarsa a kan maganar mai baki biyu ba. Daga baya yarinyar ta haƙura ta auri wani malamin makaranta a Sabuwa.

Har yau abokina yana aikinsa. Ko na'ura za ta maye gurbin irinsu wata rana, Allah kaɗai ya sani, ni dai ranar ba ilimi ne ya yi magana a bakina ba. Ina jan kunnen duk wanda aka kawo wa amanar bincike: ka fara duba zuciyarka, in akwai wani abu game da mutumin, ka ce a tambayi wani. Iyaye kuma kada ku tsaya a bakin mutum ɗaya don ana ce mishi masani. Abokina bai yi aure ba har yanzu. Kwanan baya ya ce mini ya ga wata a Yargoje, kuma ya riga ya gaya wa iyayenta su zo wurina, don ba wanda ya san shi kamar ni.