Bokitan Inna Shiru

Kafin masu shaguna su buɗe, Inna Shiru ta riga ta shiga ɗakin karatu na majalisar birni. Ba tsintsiya take fara ɗauka ba. Tsayawa take yi a tsakiyar ɗakin, ta ɗaga kai ta ƙare wa silin kallo kamar mai duba fuskar majinyaci. In ta ga sabon tabon ruwa, sai ta janye kantar littattafan da ke ƙarƙashinsa, ta ajiye bokiti a wurin. Bayan nan ne za ta yi shara, ta goge tebura, ta zauna bakin ƙofa da gam tana liƙe bangon littattafan da yara suka yaga.

Shara aka ɗauke ta yi. Amma tun da aka ɗauke ma'aikacin ɗakin ba a turo wani ba, ita ke ba da aron littafi, ita ke raba faɗa. Yara ne suka laƙaba mata sunan, don kalma ɗaya da ba ta barin bakinta.

"Shiru!" za ta ce, da muryar da ake ji har titi.

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Yaya, ke ce fa kike hana mutane karatu."

"Kai kuma minsharinka me yake koya musu?"

Telan da ke maƙwabtaka da ɗakin ya ga ranar da ledar rufe littattafai ta ƙare mata ana tsaka da ruwa, ta cire mayafinta ta rufe kantar yara da shi. Akwai kuma wata yarinya mai in'ina da ke jin tsoron buɗe baki a aji. Inna ta ba ta kujera a bayan kantar littattafai ta ƙarshe, ta ce ta yi karatunta a fili yadda take so. Ita kaɗai ce ba a taɓa ce wa shiru ba.

Inna, ke ce uwar marasa wurin zama. Wanda gidansu ba fitila, da wanda gidansu ba a daina hayaniya, duk wurinki suke tahowa.

Rufin ne ya hana ta sakat. Ta yi ta safa da marwa gidan kansilan unguwa, har dai aka ce kwamiti zai zo ya gani da ido. Kasafin bana rufi ɗaya kawai zai ɗauka: ko na ɗakin karatu, ko na rumfar tashar mota.

Ana gobe za su zo, Inna ta tsaya ta dubi ɗakin da idon baƙo. Bokitai ko'ina, ga baho, ga tsohon gwangwanin fenti a kan teburin jaridu, silin kuwa duk tabo. Kunya ta rufe ta.

"Manyan mutane za su shigo su same mu kamar wurin wanki?" in ji ta. "Ba a gabana ba."

Mai gadi ya kwashe bokitan ya kai bayan ɗaki. Tela ya kawo labule. Ita kuma ta ɗaura buroshi a kan doguwar sanda, ta bi tabon nan ɗaya bayan ɗaya da farin fenti, har wuyanta ya ƙage.

Washegari shugaban kwamiti ya shigo yana waige-waige. "Masha Allah! Mama, an ce mana nan zuba yake kamar rariya."

Ta buɗe baki. Duk maganar da ta daɗe tana tanadi ta zo mata har maƙogwaro. Amma ba a yi mata tarbiyyar kai kuka ga baƙon da ke yabon ɗakinta ba.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe," ta ce. "Muna dai lallaɓawa."

Kwangilar ta tafi tashar mota.

Da damina ta nutsa, silin ɓangaren yara ya rufto da rana tsaka. Ba wanda ya ji ciwo, domin tun da safe ta ga cikinsa ya kumbura ta kwashe yaran zuwa baranda. Majalisa ta sake zama. Aka ce ginin ya zama haɗari, gyaransa ya fi ƙarfin asusu, za a ba ɗan kwangila ya rushe ya yi shaguna. Littattafai a kai su sito. Mai shara kuwa shekarunta sun kai, ta huta a ƙarshen wata.

Kansila ne ya kawo mata labarin. "Inna, ke ma da naki. Wa ya ce ki ɓoye bokitan?"

Ta raka shi bakin ƙofa. Sai da ya tafi ta zauna a kujerar yara, ta ce wa mai gadi, "Da hannuna na kashe ɗakin nan."

Inna, ba ke ba ce. Yini ɗaya kika rufe tabo, su kuwa sun yi shekaru suna rufe ido. Kin ji kunyar da ya kamata wasu su ji.

Ta san siton da ake nufi, ta san gararsa da ɓerayensa. Sai ta koma wurin kansila ta tambaye shi ko har yanzu ba da aro aikinta ne. Ya ce aikinta ne har ƙarshen wata. Ta sa mai gadi ya fito da bokitan nan daga bayan ɗaki, ta wanke su, ta shanya. Duk yaron da ya shigo, ta cika masa bokiti da littattafai.

"Aro ne, ba kyauta ba! Kar ka bari ƙaninka ya kusance su da miya a hannu."

"Inna, yaushe za mu dawo da su?"

"Ranar da aka yi muku rufi."

Yau inda kujerar yarinyar nan mai in'ina take a da, caja da murfin waya ake sayarwa. Ba a ƙara jin an ta da zancen ɗakin karatu a majalisa ba. Inna Shiru kuwa tana bin gida-gida da bokiti ɗaya a hannu, ta karɓi littafi nan ta kai can. Gwiwoyinta sun fara gaza mata. Wasu littattafan sun ɓata, wasu iyaye sun kunna wuta da su, kuma kullum bokitin ƙara sauƙi yake yi.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyinki lafiya. Ku kuma da ke da ƙarfin ƙafa, ku karɓi bokitin nan daga hannunta, ku kai shi zauren majalisa ku ajiye a kan tebur inda kowa zai gani. Yarinyar nan mai in'ina ta yi alkawarin zuwa ta yi magana. Za ta daɗe kafin ta gama jimlar farko, amma Inna ba ta koya mata shiru ba.