Ranar da Jiminar Baba Ta Yi Gudu

Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gidanmu na Ƙofar Dundaye goyon ciki, kamar yadda aka saba. Na zo da shirin kwanciya da cin abincin Inna, sai na tarar wata gardama ta riga ni isowa gidan, har ta yi shimfiɗa a zaure.

Baba dillalin shanu ne a kara. Yana da wani amini da muke kira Malam, ɗan gidan malamai, wanda ya yi aikin gwamnati har ya ajiye. Tun suna yara suke tare, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Ko lokacin salla, kowa cewa yake agogon ɗan'uwansa ne ke ƙarya. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma a zaure, tagar ɗakin da aka ba ni kuwa tana jikin zauren, don haka komai a kunnena yake sauka.

Ɗan Malam ne ya turo masa wani bidiyo a waya, na dabbobin da suka fi kowa gudu. Malam ya haddace shi kamar karatu.

"A ƙasa babu kamar rabbi," in ji shi. "Wata dabba mai kama da damisa, siririya. A sama shaho, in ya kife kai ya sulmiyo ƙasa. A ruwa wani kifin teku mai baki kamar mashi."

"Ka taɓa ganin rabbin?" in ji Baba.

"Ga shi nan cikin waya."

"Cikin waya na ga akuya tana tuƙa mota. Ina anka sa jimina?"

Malam ya ce jimina tsuntsuwa ce, gasar tsuntsaye kuwa a sama ake yin ta, duk wadda ba ta iya tashi ta faɗi tun ba a fara ba. Baba ya ce gashi dai na tsuntsu ne, amma a ƙasa take neman abincinta, kuma kakansa da ya yi fatauci arewa ya ga jimina ta wuce doki kamar an ɗaure shi a turke. Malam ya ce to sai ta kara da rabbi.

"Kawo rabbinka, in kawo jiminata," in ji Baba.

Malam ya yi dariya har da tari. Da ya san abin da dariyar nan za ta jawo wa unguwa, da ya haɗiye ta.

Ba a daɗe ba wata motar shanu ta tsaya a ƙofar gidanmu. Can sama da katakon motar, sama da ƙahonnin shanun, ga wani ɗan ƙaramin kai a kan dogon wuya yana kallon gari. Da ƙyar ƙarti suka shigo da ita ta ƙofar baya, inda ake shigo da itace. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗaga kai, ta ci gaba da ɗagawa, har ta kai ƙarshen wuyan.

"Alhaji, wanga abu hwa?"

"Hujja ce," in ji Baba.

Hujjar nan tsayuwa kawai ta iya. Takan wuni a gindin dogonyaro tana ƙifta manyan idanunta masu gashi zara-zara, in ta gaji ta taka a hankali zuwa katanga ta ɗora kai tana kallon gidan maƙwabta. Maƙwabcinmu ya kawo ƙara, ya ce iyalinsa ba su da sauran sirri. Aka tambayi Malam hukunci, ya ce a fara duba ko namiji ce ko mace. Da aka tabbatar mace ce, ya ce babu laifi mace ta ga mace, sai dai a ja mata kunne a kan leƙe. Aka rasa inda kunnen yake.

Sai kuma haɗiya. Duk abin da ke ƙyalli nata ne. Ta haɗiye cokulan shayi, da marfin kwalba, da ɗankunnen Inna guda ɗaya da ta ajiye a bakin rijiya za ta yi alwala. Ta haɗiye mabuɗin ɗakin Baba, ya kwana biyu a zaure kafin a ɓalle kwaɗon. Bai yi fushi ba. Ya ce mai gudu dole ya ci ƙarfe.

Ni kuwa shiri muka yi da ita. Unguwarzoma ta ce in riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma, sai jiminar ta ɗauki ɗabi'ar bina a baya, taku ɗaya-ɗaya, ni da tulun cikina ita da tulun jikinta. In na tsaya in huta ta tsaya. In na zauna ta sunkuyo ta duba ko akwai wani abu mai ƙyalli a jikina. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin abu biyu masu nawa irinmu ba.

Aka sa ranar gwaji. Ƙanena yana tuƙa keke napep, shi aka ɗauka. Shirin shi ne a kai jimina filin ƙwallon da ke bayan unguwa, a kore ta, ƙanena ya bi gefenta da keke, Malam ya zauna kusa da shi yana duba allurar da ke nuna gudu, sannan a gwada da abin da waya ta faɗa a kan rabbi. Na roƙi Inna ta bar ni in je, ta ce in tafi, wataƙila dariya ta saukar da ni.

Rabin unguwa ta hallara. Aka kwance igiyar da aka jawo ta da ita. Jimina ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta naɗe ƙafafunta ta zauna a tsakiyar fili. Aka buga gwangwani, aka tafa, ƙanena ya danna hon har ya shaƙe. Baba ya tsuguna kusa da ita yana mata magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake lallashin sa mai taurin kai. Ta saurare shi da kyau, sannan ta miƙa wuya ta ɓalle madubin keken. Sai a lokacin Malam ya sunkuya ya dubi allurar.

"Wagga allura ai a kwance take."

"Ta daɗe da mutuwa, Baffa," in ji ƙanena. "Ni da kunne nike sanin gudu."

Malam ya sauko daga keken. Muka dawo gida a ƙasa, ni a gaba, jimina a bayana, jama'a a bayanta.

Bayan wannan na haihu, aka samu ɗiya mace, kowa ya manta da gudu sai Baba.

Ranar suna da hantsi maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi, ga farantan goro da dabino a tsakiya. Mu mata muna ciki. An buɗe ƙofar zaure da ta tsakar gida duka, don sanƙira ya leƙo ya sanar da mu sunan da zarar an raɗa. Ina zaune a bakin ɗaki da jaririya a cinya, don haka farkon abin a idona ya faru.

Inna tana da wata kaza ja, ƙarama, da ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki a satin. Hayaniyar masu girki ta koro ta daga madafa, ta biyo da 'ya'yanta ta gindin dogonyaro. Jimina, da aka ɗaure da igiya a wurin saboda baƙi, ta sunkuyo da kai don ta ga ko tsaki yana ƙyalli. Kazar ta buɗe fukafukai, ta yi wani ƙara da ban san kaza tana da shi ba, ta daka tsalle ta cafki fuskarta.

Ban ga lokacin da igiyar ta tsinke ba. Na dai ji iska ta bugi fuskata, ɗankwalina ya zame, zanen da aka shanya ya tashi sama ya dawo. Da na waiga gindin dogonyaro, kaza ce kaɗai a tsaye tana ƙirga 'ya'yanta.

A waje kuwa, a daidai lokacin nan liman ya ce a shafa. Duk mazan da ke wurin, har Baba da Malam, tafin hannunsu yana kan fuska. Da suka sauke hannu sai suka ga farantin goro yana juyi shi kaɗai a tsakiyar titi, dabino a warwatse, sanƙira kuma kwance cikin kwata. Bawan Allah yana hanyar shigowa zaure da sunan a bakinsa suka yi karo. Da aka ɗago shi ya tafi gida ko sallama babu. Haka muka zauna a ciki, ana ta guɗa ana yi mini barka, babu macen da ta san sunan yarinyar, har da ni da na haife ta, domin maigidana ya ce sai ranar zan ji.

Shi kuwa maigidan nawa, kafin in aika a tambaye shi, Baba ya riga ya tura shi cikin keken ƙanena, shi da Malam, shi ma ya shiga, sun bi sawun jimina. Sauran labarin daga bakinsa na ji.

Suka riƙa tsayawa suna tambaya. Wani mai faci ya ce bai ga komai ba, amma tayar da ya jingine ta faɗi ba dalili. A Gidan Igwai wani mai shayi ya rantse raƙumi ne ya wuce da ƙafa biyu. Wata mai tuyar ƙosai ta ce ita dai ta ga laima tana gudu. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya bi ta da babur ɗinsa har mansa ya kusa ƙarewa, Baba ya rungume shi, ya ce ya maimaita a gaban Malam. Malam ya dubi babur ɗin, ya ce wannan ko tunkiya mai ciki ta tsere masa.

Sai bayan azahar suka same ta, can Minanata, a gidan wata Hajiya mai kiwon tarwaɗa. An bar ƙofa a buɗe don mai ruwa, ta shige, ta zarce bayan gida inda aka gina wa kifin tafki na siminti. Suka tarar da ita zaune cikin ruwa har ƙirji, tana tsintar ƙananan kifin ɗaya bayan ɗaya, Hajiya tana tsaye nesa da muciya a hannu.

Baba ya ma manta da gaisuwa. Ya kama hannun rigar Malam.

"Ka gani da idonka. A ƙasa ta tsere ma kowa. Tsuntsuwa ce, kai da kanka ka hwaɗi. Ga ta cikin ruwa tana kama kihi. Mi ya rage?"

"Kifin da anka tsare cikin kwami," in ji Malam. "Gudun kuma wa ya gani? Ni ban gani ba, kai ba ka gani ba."

"Awo. Abin da ya wuce gabanka ba ka gani ba, wane gudu ya hi wanga?"

Hajiya ta ce in sun gama, su fitar mata da abinsu, kuma su san yadda za su yi da kifinta. Maigidana ya yi ta ba ta haƙuri, Baba ya yi mata alkawarin cinyar ragon suna, ta ce cinya biyu.

Fitar da ita ya zama aiki. Duk wanda ya matso sai ta kai masa hauri. Ƙanena ya ce ya ji direban motar da ya kawo ta yana cewa in an rufe mata ido takan natsu. Aka dubi hular Baba, ta yi faɗi. Ta maigidana ta yi taushi. Ta Malam ce daidai, doguwa mai tauri, sabuwa, wadda ya ɗinka don sunan. Ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya cire ta ya miƙa. Aka kifa mata, ta yi tsit kamar an kashe rediyo.

Ba ta shiga keke, don haka a ƙasa suka taho da ita tun daga Minanata. Baba yana riƙe da fiffike ɗaya, maigidana ɗaya, jimina sanye da hular Malam, Malam a gefe da kai a buɗe, mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin sanƙonsa ba. Ƙanena yana biye da keke a hankali. Duk wanda ya san Malam ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya rasa wanda zai kalla, shi ko hular.

Ana kiran magariba suka shigo. Na tari maigidana a bakin ɗaki, riga duk laka da ƙarnin kifi, na ce ya faɗa mini sunan 'yata. Ya faɗa. Sunan Inna ne ya sa mata. Inna tana jin haka ta fashe da kuka, ta share hawaye, sannan ta juya ga Baba ta ce tunda yanzu akwai takwararta a gidan, ko jimina ko su biyu.

Washegari aka kai ta gonar wani abokin cinikin Baba a hayin gulbi, inda yake ajiye shanu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba da Malam sukan tafi can, su shimfiɗa tabarma a inuwa, su zauna suna jiran ta yi gudu. Ba ta ƙara yi ba, a gabansu dai. Makiyayin gonar ya ce da sassafe takan yi, in babu kowa, har da juyi kamar mai rawa. Malam ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba.

Da damina ta faɗi ta yi ƙwai, guda ɗaya, ya kai ƙaramar ƙwarya. Suka kawo shi gida naɗe cikin babbar rigar Baba, suna ɗauka bi da bi. Inna ta fasa shi da taɓarya, ta soya da albasa da attarugu a babbar tukunyar biki, aka aika wa maƙwabcinmu da Hajiya mai kifi nasu. Baba da Malam suka ci nasu a faranti ɗaya a zaure. Baba ya ce gishiri ya yi yawa, Malam ya ce bai ji ba.