Takardar jandarma a kan mutuwar mai gidana

Mai gidana ya rasu a hanyar kasuwar Guci, ranar da ya tafi sayar da akuya. Ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke shi, mota ta buge su a wata kwana. Kafin la'asar an kawo shi, an yi masa sutura, an kai shi. Har yanzu idan na zo nan a magana sai na tsaya. Ɗiyata, wadda take koyarwa a lakwal kuma take rubuta mini wannan, ta riga ta san ta ajiye biro ta jira ni.

Abu ɗaya nake son sani: nan take ya cika, ko ya samu ya yi kalmar shahada? Masu zuwa gaisuwa kowa da nasa. Wani ya ce ko motsi bai yi ba. Wata ta ce an ji ya yi magana. Ɗan kabu-kabun ya warke, amma ya ce shi bai san inda kansa yake ba sai a gadon likita. Wata huɗu da kwana goma na yi takaba da wannan tambaya a ƙirjina.

Da na fita takaba, ɗiyata ta ce jandarmomi sun zo wurin a ranar, sun rubuta komai, kuma akwai doka da ta ba talaka izinin ya nemi ganin takardar gwamnati. Na ce to, ashe abin mai sauƙi ne.

Ba zan faɗi garin da ofishin yake ba. Zuwan farko aka ce komanda ya yi tafiya. Zuwa na biyu aka ce ba a nema da baki, sai a rubuce, da tambur, wato kan sarki, a manne. Ɗiyata ta rubuta, muka kai, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Ranar da sati biyun suka cika ɗiyata tana da aji, sai na tafi ni kaɗai.

Wani jandarma mai furfura a gemu ya jawo tarin takardu gabansa.

"Inna, sunan mamacin?"

"Mai gidana ne."

"Na ji. Sunansa."

"Malam. Wanda mota ta buge a hanyar Guci, da akuya."

Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, amma dai dariya ce. "Inna, duk tarin nan masu gida ne, rabinsu malamai. Faɗi sunan in nemo takardarki."

"Ai ɗiyata ta rubuta shi a jiki."

"To a jikin wace? In bi su ɗaya ɗaya ina tambayarki ko shi ne?"

"Sai ka bi. Ni zan ce maka i ko a'a."

Ya ce shi ba haka ake aiki ba. Shekara arba'in da wani abu ina gidan mutumin nan, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Jikana da ya ci sunan, Mai Sunan Malam nake ce masa. Yaya zan buɗe baki a gaban ƙattai, a ɗaki mai warin taba, in kira shi kamar ina kiran yaro? Na ja mayafina na fito. A mota ina kuka ina faɗa, ban ma san da wa nake faɗan ba.

Ɗiyata ta ce, "Inna, Baba ba zai yi fushi ba." Na ce ke me kika sani. Ta ce za ta raka ni ranar da babu lakwal. Ranar da babu lakwal su ma ba sa buɗe ofis.

Na koma. Mai furfurar ya gan ni ya ce, "Inna, yau an zo da sunan?" Na rufe fuskata da mayafi, na dubi ƙasa, na faɗa. Bai ji ba. Sai da na maimaita. Allah ya yafe mini.

Bai ɗauki lokaci ba ya zaro takardar hatsarin. Ya ce ba zai ba ni in tafi da ita ba, amma zai karanta mini daga Faransanci zuwa Hausa. Ya karanta lambar mota. Ya karanta faɗin hanya, sun auna ta da igiyar awo. Ya karanta inda takalminsa ɗaya ya faɗi. Akuyar ma tana ciki, an ce ta karye a ƙafar baya. Na ce, "Ɗana, ni ba akuya na zo nema ba."

Can ƙasa ya tsaya. "An ce wata mai sayar da fura a bakin hanya ta ɗaga kansa, ta ba shi ruwa. Ya yi magana, sannan ya cika."

"Me ya ce?"

Ya juya takardar, ya duba bayanta. "Ba a rubuta ba."

"Wace ce matar?"

"Sunan shaida doka ta hana in faɗa."

Ni da aka tilasta wa faɗin sunan mijina har sau biyu, ni ce za a ɓoye wa sunan mai fura. Na faɗa masa haka, da ƙarfi, har mai gadin ƙofa ya leƙo. Mai furfurar ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ni na rubuta ba."

Yanzu na san bai mutu shi kaɗai ba, akwai hannun da ya tallafe shi, ya kuma sha ruwa. Wannan ya rage mini wani abu. Ranar kasuwar Guci nakan sa a sauke ni a kwanar nan in tambayi masu fura. Na tambayi huɗu, duk sun ce ba su ba ne. Ta ƙarshe ta ce akwai wata da take zama nan a da, ta koma wajen Mallawa wurin ɗanta. Idan an gama girbin gero can zan tafi.