Ɗigo Goma Sha Huɗu a Cikin Ruwa

Laraba: Kano zuwa Haɗeja

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na rataya jaka na fita. A cikin jakar akwai kaya kala biyu, da kwamfutar hannu, da wata ambulan mai ruwan ƙasa wadda na so a ce wani aka ba, ba ni ba. Takardar sallamar Malam Bukar ce, wakilinmu na yankin Kirikasamma, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kai wa manoma iri da taki da sunan kamfaninmu. Hajiya Manaja ta sa hannu tun Litinin, ta ce ni zan kai masa hannu da hannu, tunda ni na kawo ƙararsa.

Gaskiya ne, ni na kawo. Aikina a ofis shi ne kula da manhajar taswira da muke raba wa wakilai yankuna da ita. Kowane abokin ciniki ɗigo ne a kan taswirar. Idan wakili ya isa wurin ɗigon da wayarsa ya danna, sai ya zama kore. Idan aka yi mako biyu ba a je ba, ya koma ja. Ni na zagaya da ƙafata cikin watan Fabrairu na dasa ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na ja layin da ya raba yankin kowa, ina ta jin kaina. Yanzu ga shi Satumba, ɗigo goma sha huɗu na Malam Bukar sun yi mako bakwai jajur, na maƙwabcinsa Nura kuwa, wanda bai cika shekara da kama aiki ba, kore shar. Sau biyu na kira Malam Bukar, ya ce mini ruwa ya cinye wuraren. Na duba hoton taswira na ga busasshiyar ƙasa da gonaki, na ce uzuri ne irin na wanda ya gaji da aiki. Shawarar da na rubuta ita ce a haɗe yankinsa da na Nura.

Mota ta cika a tasha ƙarfe shida da minti ashirin, kuɗin mota naira dubu bakwai. Mun wuce Gezawa rana tana ɓullowa, muka tsaya a shingen jami'an tsaro uku, muka sha koko da ƙosai a Gujungu. Daga nan na fara ganin ruwa kwance a gefen titi, dama da hagu, har inda ido ya tsaya. Na tambayi direba ko ruwan jiya ne. Ya dube ni ta madubi, ya ce ai kogi ne ya fito, kuma ba ya komawa sai bayan an yanke gero.

Sha ɗaya saura muka shiga Haɗeja. Na hau adaidaita sahu zuwa wani masauki, ɗaki da fanka naira dubu takwas. Bayan azahar Malam Bukar ya zo a kan babur ɗinsa, dogon mutum mai furfura a gemu, ƙafar wandonsa duk busasshen taɓo. Ya kai ni inda muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi banda, ya hana ni biya. Ina cin tuwon mutum, takardar korarsa tana jingine da ƙafata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce gobe kasuwar wani ƙauye take ci bayan Kirikasamma, yana roƙona in bi shi kafin mu yi kowace magana. Na amsa da sauri, ba don adalci ba, don dai in samu kwana ɗaya ban buɗe jakar ba.

Alhamis: Kirikasamma da bakin ruwa

Ƙarfe bakwai ya goya ni. Mun isa Kirikasamma takwas da kwata, muka bar kwalta muka bi burji kamar kilomita shida, har hanyar ta ƙare a bakin ruwa. Kasuwar tana kan wani tudu. Malam Bukar ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya ce nan ne ofishinsa duk damina.

Kafin hantsi kwalekwale suka fara sauke mutane. Kowa ya zo ya tuɓe takalmi, a gaisa, a tambayi iyali da ruwa, sannan a shiga maganar irin alkamar da za a shuka idan ruwa ya janye. Na buɗe jerin sunayen jajayen ɗigon nan ina bi a ɓoye. Kafin azahar goma sha biyu sun zauna a kan tabarmar. Mutum na goma sha uku ya aiko ƙanensa. Na sha huɗu an yi masa rasuwa, kuma Malam Bukar ya je ta'aziyya tun ranar Lahadi. Haka yake ganinsu kowane mako, amma ya nuna mini wayarsa: duk sunan da ya danna, sai ta ce yana nesa da abokin ciniki.

Na ce a kai ni wurin ɗaya daga cikin ɗigon in gani da idona. Bayan salla muka ɗauki kwalekwalen wani dattijo, Baba Audu, naira dubu uku kai da kawo. Minti arba'in muna kutsawa cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, sauro yana shagali da wuyana. Muna fita fili sai wayata ta yi ƙara, ta ce na iso wurin Alhaji Haruna.

Na ɗaga kai. Ruwa ne gabas da yamma. Baba Audu ya zura gorarsa, ta nitse ta wuce tsayin mutum. A nan ne cikin Fabrairu na zauna a bukkar Alhaji Haruna tsakiyar gonar alkama, ya dama mini fura, na dasa masa ɗigo ina cewa yanzu kamfani ya san inda yake. Ban tambaye shi ko nan ne gidansa ba. Ashe mutanen nan zama biyu suke yi: da rani su sauko fadama su yi bukka kusa da gona, da damina su koma garuruwansu a kan tudu. Duk goma sha huɗun a fadama na same su, a fadama na dasa su.

Baba Audu ya ga yadda nake kallon wayar, ya ce ai ya san wannan aikin. Akwai wani ma'aikacin kamfaninmu a hayin can, Nura, da yake ɗaukar shatarsa kowace Talata. Su yi ta yawo a ruwa, in wayar ta yi ƙara ya danna, su yi gaba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ya yi magana da kowa ba, ya ɗauka awon ruwa gwamnati ta sa shi.

A nan na gane yadda ɗigon Nura suke zama kore. Sai kuma wata dabara ta zo mini, wadda nake jin nauyin rubuta ta. Na ce wa Malam Bukar tunda ga mu a wurin, ya danna, mu zagaya sauran ma kafin la'asar. In ɗigon suka yi kore, zan koma in ce matsalar waya ce, shi ya tsira da aikinsa, ni ma babu wanda zai tone kuskurena.

Ya kalli ruwan, sannan ya ce, "Yallaɓai, in na danna, cewa na yi na ziyarci Alhaji Haruna a nan. Da wa na gaisa?"

Na mayar da wayata aljihu. Baba Audu ya juya kan jirgi, muka koma kasuwa.

Juma'a: Haɗeja zuwa gida

Da sassafe muka zauna a barandar masauki, na buɗe kwamfuta. Yana faɗin garin kowa da ranar kasuwarsa da mashigar da ake bi, ina ɗauke ɗigo daga ruwa ina mayarwa tudu. Muka yi taswira biyu, ta rani da ta damina. A nan na ga layin da na ja tsakaninsa da Nura ma bai san da kogi ba: ya ba kowannensu mutanen da ke hayin ɗan'uwansa. Abin da na yi wata guda ina tsarawa a ofis, ya gyara shi cikin awa biyu ba tare da ya taɓa kwamfutar ba.

Da zan tafi ya raka ni tasha. A bakin mota ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, takardar nan ta jakarka, tun Laraba nake ganin hannunka a kanta. In tawa ce ka ba ni, in sanar da iyali da bakina."

Na ce, "Malam, ka bar ni in mayar da ita. Ban san abin da za a ce ba, amma ba daga hannuna za ka karɓe ta ba."

Mun tashi goma da rabi, muka yi Juma'a a hanya, muka shiga Kano ƙarfe uku da rabi. Ban biya gida ba, ofis na wuce. Na ajiye ambulan a teburin Hajiya, na nuna mata hoton wayata tana cewa na iso, ga ruwa ko'ina. Ta daɗe tana kallo. Ta ce rahoton da aka kori mutumin nan a kansa yana gaban manya, da sunana a ƙasa. Ba za a janye shi ba sai an rubuta wanda ya yi kuskuren, kuma in sani ba za a bar taswira a hannun wanda aka rubuta ba. Na ce ranki ya daɗe, a ba ni takarda. Na rubuta sunana. Na ƙara da cewa Nura ma abin da taswirata ta nema ya yi mata. Ta karanta, ta yaga ambulan ɗin gida biyu, ta ce daga Litinin in koma sito.

Na isa gida ana kiran magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Baba Audu da ya faɗi abin da bai san nauyinsa ba, da mutanen tabarmar nan da suka karɓi baƙon da ya dasa su a ruwa. Bayan salla na kira Malam Bukar na gaya masa aikinsa yana nan. Ya yi hamdala sau ɗaya. Na ce ni kuma an mayar da ni sito. Ya yi mini addu'a, sannan ya ce tunda sito zan koma, in taimaka irin alkama ya iso kafin ruwa ya janye, mutum goma sha huɗu suna jira.