Ranar da Aulis Ya Ji Muryar Ƙanƙara

Shekara talatin da ɗaya Aulis Niskala ya yi yana gwajin baburan ƙanƙara a masana'antarmu. Ni ina sashen ɗinkin kujeru, tagata tana kallon daskararren tafkin da yake gwajin a kai. Aulis gajere ne mai taurin kai, maganarsa ba ta wuce kalma uku sai in an kushe injin fetur. Duk mai hawa tafki yakan rataya ƙusoshin nan biyu masu mariƙi a wuya, waɗanda mutum ke cakawa ya jawo kansa in ƙanƙara ta fashe da shi. Aulis bai taɓa rataya nasa ba, suna cikin aljihun tebur tare da tsofaffin cokulan kofi.

Bara da kaka tsohon shugabanmu ya yi ritaya, aka kawo mana Marjukka Stenvall daga kudu ta maye gurbinsa. Ranar farko ta tara mu a ɗakin cin abinci ta ce abu ɗaya ta sa a gaba, babur mai batir. Wanda zai iya tafiya da wannan da shi za a tafi, wanda ba zai iya ba za a zauna da shi a yi magana. Mun san irin wannan zaman. Garin nan ba shi da wata masana'anta, kuma mai shekara hamsin da tara irin Aulis ko gadi ba a ɗaukarsa.

A watan Janairu aka ba Aulis babur mai batir na farko. Ina kallo ya sulala kan tafki, ba hayaƙi ba ƙara, ya kai tsakiya ya tsaya cak. Ya daɗe a wurin har kofina ya huce. Da ya dawo sai ya shigo ɗakina ya rufe ƙofa.

"Sirkka, ƙanƙarar nan magana take yi," in ji shi.

"Tsufa ne ya fara taɓa ka," na ce.

"Gurnani take. Na ji ta tsage daga ƙarƙashina har bakin tsibiri."

"Ai kullum haka take yi, malam jarumi. Tambayi kowane mai kamun kifi."

"Ni ban sani ba. Ban taɓa hawanta da inji a kashe ba."

Nan dariyata ta tsaya. Aulis ba ya kamun kifi, ya ce aikin malalata ne, kuma ko ya tsaya a kan tafki ba ya kashe inji saboda sanyi. Ashe duk shekarun nan rurin inji ne ya toshe masa kunne.

Ya je ya huda ƙanƙarar ya auna, kaurinta santimita saba'in, ko babbar mota sai ta hau. Ya san haka sarai, amma zuciyarsa ta ƙi yarda. Ya toshe kunne da roba, ya ce sai abin ya biyo ta tafin ƙafa ya hau har haƙora. Ya fara ramewa. Wata rana ya sunkuya shan miya, na ji ƙusoshin nan sun bugi tebur daga cikin rigarsa. Na kawar da kai kamar ban ji ba. Ni ba ƙanƙarar nake tsoro ba, ranar da za a gane shi nake tsoro.

A watan Maris shugaba ta gayyato dillalai daga Norwe da Suwidin, ta ce ita da kanta za ta hau baburin a bayan mai gwaji su tsallaka tafkin a gabansu.

"Ka ce ba ka da lafiya," na ce masa.

"In na faɗi haka, gobe za a zauna da ni a yi magana."

Sau uku yana ƙoƙarin ɗaure hular kwano yana kasawa, sai ni na ɗaure masa. Suka hau, mu kuwa muka jeru a bakin tafki. Ina jiran ya tsaya a tsakiya ya tona wa kansa asiri. Suna dosar wurin sai muka ji waƙa. Aulis ne, mutumin da ko a walimar Kirsimeti bai taɓa buɗe baki ba, yake rafka wata tsohuwar waƙar rawa iya ƙarfinsa. Da yake baburin ba shi da ƙara, kowace kalma ta iso mana. Dillalai suka yi ta tafi suna dariya, ni kuwa hawaye ne ke daskare mini a kumatu, don na san abin da yake dannewa da wannan muryar.

Shugaba ta sauko fuskarta cike da murna.

"Kun ji ko? A kan wannan baburin har waƙar abokin tafiyarka kana ji," ta ce wa baƙin. Ta dafa kafaɗarsa. "Niskala, kai ne mutumina. Daga yau duk mai batir kai za ka gwada, har ka yi ritaya."

Ya gode mata. Kowa ya taya shi murna, har da ni, munafukar banza.

Yanzu kullum da safe ina jin waƙarsa ta taga, tana farawa daidai inda ƙasa ta ƙare ƙanƙara ta fara. Jiya ya leƙo ɗakina ya tambaye ni a hankali ko zuma da ruwan zafi suna gyara maƙogwaro. Shekara biyar ta rage masa kafin ritaya, muryar kuma ta riga ta fara dashewa.